Ranar da Kawu Ya Ƙi Kunna Tiransimita

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Alhamis da hantsi a gidansa na Talata Mafara, aka yi masa sutura bayan azahar.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya zo sai ya ɗaga kai ya dubi bayan gidan kafin ya zauna. Dogon turken ƙarfen da ya taɓa ɗaukar eriyar rediyonmu yana nan tsaye, babu komai a kansa sai tsatsa. Wani dattijo da ya taso daga Maradun ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Kai na mai maganar ko? Na gane muryarka. Kullum da sahe muna jin ku. Allah shi saka muku, shi kuma Allah shi jiƙan shi."

Na ce amin, na sunkuyar da kai. Ni nake magana a rediyon, gaskiya ne, shi ya sa yabon yake zuwa wurina.

Ba kowa ne ya zo da yabo ba. A gefen tabarma na ji mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce mamacin mutumin kirki ne amma taurin kansa ya yi yawa, ɗayan ya ce masa ya yi shiru, nan ba wurin wannan maganar ba ne. Surukin Kawu, mijin 'yarsa ta fari, mai sana'ar walda, ya ɗauki makara tun daga ƙofar gida har maƙabarta, ya ƙi yarda a karɓe shi. Akwai kuma wani mutumin Bakura da ya tsaya a sahun ƙarshe, ya yi salla, ya bi mu maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa, sannan ya juya ya tafi bai yi wa kowa gaisuwa ba. Kowa ya san shi. Yayan wani direba ne da ya fita da mota wata safiya bai dawo ba. Da ya wuce, mutane suka yi tsit.

Saboda wannan shirun nake rubutun nan. Labarin safiyar nan ya kasu gida-gida a garuruwanmu, kuma akwai abin da har ranar jana'izar babu wanda ya sani sai ni da wanda muka binne.

Kawu ya yi shekaru masu yawa yana aiki a gidan rediyon gwamnati, amma bai taɓa zama gaban makirufo ba. Aikinsa a ɗakin tiransimita yake, na'urar da ke ɗaukar murya ta tura ta eriya ta watsu cikin iska. Da ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo kusa da kasuwa, mutane suna ce masa Injiniya. Idan zai taɓa wani abu mai wuta, hannun hagunsa yana cikin aljihu. Ba ya sa agogo, ba ya sa zobe. A gindin babban yatsansa na dama akwai wani farin tabo ƙarami kamar ƙwayar gero. Tun ina ƙarami na tambaye shi, ya ce waya ce ya kusanta a wurin aiki, ko taɓa ta sosai bai yi ba.

"A sama ɗan wanga kaɗai kake gani," in ji shi, "amma ƙunar har ƙashi ta kai. Wata da watanni ina jinya. Wutar eriya ba ta hayaƙi, ba ta wari. Daga ciki take dahwa mutum."

Shekarar da aka yanke layukan waya a yankinmu, tafiya ta zama abin tsoro. Mutum zai fita daga Bakura zuwa asibiti a Mafara, bai san ko 'yan bindiga sun tare hanya ba sai ya faɗa hannunsu. Ni malamin makaranta ne a Bakura, a lokacin kuma makarantu a rufe suke, sai na koma gidan Kawu da zama. Ni da wasu abokaina muka samo tsohuwar tiransimita mai ƙarfi ta hannun wani ɗan kasuwa. Niyyarmu mu riƙa sanar da direbobi halin da hanyoyi ke ciki. Ba mu da lasisi, ba mu kuma da wanda ya iya haɗa ta sai Kawu.

Da farko ƙi ya yi. Ya ce ya ci abincin gwamnati shekara da shekaru, ba zai tsufa yana satar zangon watsa rediyo ba. Kwana uku bai sake ɗaga maganar ba. A rana ta huɗu aka kawo gawar wani abokin cinikinsa daga hanya, ya dawo daga jana'iza ya ce in buɗe kwalin ya gani. Ya daɗe yana duba na'urar. Sannan ya zare fis ɗinta, wanda in babu shi wuta ba ta shiga, ya ɗaure shi da zare, ya rataya a wuyansa.

"Wanga yana wurina. Ba a kunnawa sai ina tsaye. Ba ka hwaɗin inda jami'an tsaro suke, don mutanen daji ma suna da rediyo. Randa waya ta dawo kuma, mu sauke."

Rigimarmu ta farko a kan eriya ce. Ni ina sauri, na sa aka kafa ta a kan soron ɗakin baya, na ce mu buɗe ƙarfin na'urar duka don a ji mu har Faru da Gidan Goga. Kawu bai yi gardama da ni ba. Ya shiga shago ya ɗauko dogon ƙwan lantarki, ya ɗaure shi a kan gora, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Ya kori kowa daga kusa, ya ce in kunna kaɗan. Ya ɗaga gorar saitin soron maƙwabciyarmu, sai ƙwan ya kama da haske, tsakar rana.

"Kashe," ya ce. Na kashe, ƙwan ya mutu.

"Ka san wa ke hawa soron can?"

Na sani. Matar maƙwabcinmu ce, can take shanya barkono, goye da jaririyarta.

"Ƙwai ya nuna maka da haske. Jikin mutum ba shi haske, ɗumi kawai za ta ji, ta ce rana ce. Ido kuwa ba shi iya hidda zahi. In kana son a ji ka nesa, tsawo za ka nema, ba ƙarhi ba."

Na ji haushi, don a gaban abokaina ya yi mini haka. Na ce masa mutane suna mutuwa a hanya shi yana lissafin barkono. Ya aika aka kira surukinsa, suka yi kwanaki suna walda turken ƙarfen nan. Kafin a gama, ya je ya roƙi maƙwabcin da kansa a daina hawa soron, ya kafa wa matar rumfar shanya a tsakar gidanmu. Inna, matar Kawu, ta yi ta atishawa tana mita, shi kuwa yakan ce ta yi haƙuri, atishawa ba ta makantar da kowa.

Da aka ɗaga eriyar sama, muka fara. Sau biyu a rana, da safe bayan fitowar rana da kuma bayan la'asar. Masu babura da manoma suna kawo mana abin da suka gani, ni kuma in karanta: hanya kaza lafiya, hanya kaza a dakata. Kafin kowane shiri Kawu yakan fita tsakar gida ya zagaya turken, ya dubi sama, ya tambaya da ƙarfi, "Kowa na ƙasa?" Sai ya ji amsa yake shiga ya sa fis. Har Inna ta haddace, takan amsa daga madafa tun bai rufe baki ba. Direbobin tashar Bakura suka saba, ba mai tayar da mota sai an ji mu.

Mutanen Gidan Goga kuwa suka yi ta aiko da saƙo cewa shuu kawai suke ji. Su ne suka fi kowa buƙata. Na dame shi a ƙara ƙarfi. Ya ce kebul ɗin da ya hau turken siriri ne, mahaɗinsa da eriya ba zai ɗauka ba, in jira a samo mai kauri.

Wata la'asar zazzaɓi ya kwantar da shi. Karo na farko ke nan da ya cire zaren daga wuyansa ya miƙo mini. Ya ce, "Kada ka taɓa komi, ka sa ka karanta ka cire." Na ce to. Da na zauna ni kaɗai gaban na'urar, na tuna saƙon Gidan Goga, sai na murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe. Ban kai rabin sanarwar ba allurar mita ta yi tsalle ta faɗi, na'urar ta kashe kanta. Mahaɗin da ke can sama ya ƙone.

Kawu ya fito yana dafa bango. Ya dubi maɓallin, ya dube ni. Ya mayar da shi inda yake, ya karɓi fis ɗinsa. Abin da ya ce kawai, "A kira maiwalda da sassahe."

Gari na wayewa surukin nasa ya hau. Aikin ya fi yadda muka zata. Dole ya kwance eriyar daga mazauninta kafin ya kai ga mahaɗin. Rana ta fito, lokacin shiri ya wuce, muna tsaye muna kallon sama. Ya canza mahaɗin, ya ɗaure kansa da igiya a jikin turken, ya rungume eriyar da ƙirjinsa yana ƙoƙarin mayar da ita. Ƙusa ɗaya ce ta shiga cikin huɗu.

A daidai nan wani manomi ya shigo da babur har tsakar gida, ko sallama bai yi ba. Ya ce ya ga 'yan bindiga sun fito hanyar Bakura, kusa da gonarsa, suna jan itace suna tarewa. Ba shi da hanyar komawa Bakura ya faɗa, don suna tsakani, shi ya sa ya yo nan.

Kafin ya gama magana gidan ya cika. Masu shaguna, masu babura, mutanen da 'yan'uwansu ke tafe daga Bakura a safiyar. Wani ya tayar da janareto. Na ruga na zauna gaban makirufo. Kawu yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ya dunƙule fis a hannunsa.

Ya ɗaga kai ya ce wa surukinsa, "Kana iya saukowa?"

Muryar ta zo daga sama a sarƙe. "Baba, in na saki za ta hwaɗi. Ku ba ni kaɗan."

Wani daga cikin taron ya ce, "Injiniya, mahaɗi ya gyaru ko bai gyaru ba?"

"Ya gyaru."

"To a kunna mana. Minti ɗaya. Malam ya ce a dakata, a kashe."

"Mutum na rungume da ita."

"Minti ɗaya ba ya kashe mutum."

"Ƙirjinai da huskatai na jikin ƙarhen. In ya ƙone ya saki hannu, igiyar can ba ta riƙe shi da eriyar tare. Ba ni kunnawa."

Surukin ya jiyo su. Ya ce, "Baba, ku kunna, na yarda." Taron ya ɗauka, kowa yana cewa ga shi mai jikin ma ya yarda. Kawu bai ko dube su ba.

"Ɗaure ƙusarka," ya ce wa surukin. "Ba kai ka san abin ba."

Wani ɗan kasuwa da matarsa ke tafe daga Bakura ya matso har yana taka masa ƙafa. Ya ce, "Don mijin ɗiyarka na a sama, shi ya sa. Da wani na, da ka kunna." Ya kai hannu zai fizge zaren. Kawu, da zazzaɓi a jikinsa, ya mayar da hannunsa cikin aljihu ya jingina da ƙofa. Inna ta fito ta tsaya a gabansa da muciya a hannu. Ni ina ciki. Na ce, "Kawu, don Allah." Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, na kasa ƙarasawa.

Ban san minti nawa aka yi ba. Muna jin ƙarar sifana a sama, ƙusa ta biyu, ta uku. Sifanar ta suɓuce ta faɗo, aka ɗaura ta a igiya aka mayar masa. Wata mata ta fara kuka a zaure. Da ƙusa ta huɗu ta shiga ya kwance kansa ya fara saukowa, mutane suna cewa ai ya rabu da ita, a kunna. Kawu ya jira har ya wuce jan fentin da ya shafa a tsakiyar turken, alamar inda haɗari ya ƙare. Sannan ya shiga ya sa fis.

Na karanta sanarwar sau bakwai ko takwas. Motocin da ke tashar Bakura suka tsaya. Matar ɗan kasuwar nan tana cikin ɗaya daga cikinsu. Amma mota ɗaya ta riga ta fita. Direbanta ya gaji da jiran rediyon da bai yi magana ba, yana ɗauke da mara lafiya, ya ce zai gwada. Suka faɗa hannun 'yan bindigar. Fasinjojinsa sun dawo ɗaya bayan ɗaya cikin makonni. Shi bai dawo ba.

Har yau ba a daidaita a kan lokacin da motar ta tashi ba. Wasu 'yan tasha sun ce tun kafin manomin ya iso gidanmu ta fita. Wasu sun rantse cewa da an yi magana minti biyar kafin nan, da tana tasha. Ba wanda ya duba agogo. Amma labarin da ya zagaya shi ne Injiniya ya zaɓi surukinsa ya bar mutane. Aka daina kawo masa gyara kamar da. A masallaci wasu suka riƙa barin gurbi tsakaninsu da shi. Duk wanda ya tambaye shi me ya hana shiri a kan lokaci ran nan, amsarsa ɗaya ce, mahaɗi ne ya ƙone. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara kalma ɗaya ba. Ni ma ban ƙara ba. Na ci gaba da karanta sanarwa, ana gaishe ni a hanya.

Ranar da layin waya ya dawo, bai jira kowa ya zo ya ce masa ba. Ya sa aka sauke eriyar, ya kwance tiransimitar gunduwa-gunduwa don kada wani ya saya ya kafa ta a kan rufin mutane. Abokaina sun ji zafin wannan, don sun so mu ci gaba da wa'azi da tallace-tallace. Ya ce musu abin da ya halatta masa ita ya wuce.

Bayan haka idanunsa suka fara yana. Likita ya ce ba zai iya cewa tsufa ne ko shekarun da ya yi kusa da manyan na'urori ba. Shi dai Kawu ya yi dariya ya ce duka biyun nasa ne. Ya rufe shago, ya koma zama a zaure da ƙaramin rediyo a cinyarsa. Ko a haka, idan tasha ta yi ƙara yakan gaya maka abin da ya lalace a na'urarsu.

Makonni biyu kafin rasuwarsa na zo daga Bakura na same shi a zauren bayan la'asar. Muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta. Na daɗe ina juya maganar a bakina, sannan na ce, "Kawu, me ya sa ba ka taɓa faɗa musu ni na ƙona mahaɗin ba?"

Ya rage muryar rediyon.

"In na hwaɗi, direban zai dawo?"

"A'a. Amma da an daina zagin ka."

"Da an koma zagin ka. Ni zaure nike zama. Kai a Bakura kake koyar da ɗiyan mutane, har da ɗiyan direban. Kuma ba don mugunta ka murɗa ba, na sani. Ni na ba ka fis ɗin."

Na tambaye shi ko yana ganin daidai ya yi ran nan. Na zaci zai ce i nan take.

"Ban sani ba," ya ce. "Kullum sai na auna. Mutum guda ina ganin shi da idona, na san abin da zai same shi in na kunna. Na mota ban gan su ba, ban san ko sun tashi ko ba su tashi ba. In an tambaye ni gobe ƙiyama, abin da zan ce ke nan. Ko a karɓa ko kada a karɓa."

Sannan ya miƙo hannu ya ce in kama shi ya yi alwala, magariba ta kusa.

Bai ce in faɗa ba, bai kuma hana ni ba. Na yi shawara da mahaifiyata, ta yi kuka, ta ce ɗan'uwanta ya ɗauki kayan da ba nasa ba har kabari, ya isa haka. Don haka ga shi na rubuta. Ni na murɗa maɓallin bayan an ce kada in taɓa. Ni ne dalilin da ya sa rediyon ya yi shiru a safiyar nan, ni ne dalilin da ya sa mutum ya hau turken. Duk wanda yake riƙe da Kawu a zuciyarsa, ya sake shi, ga ni ina raye.

Na san za a karanta wannan a Bakura kafin mako ya zagayo. Ranar Litinin ina da aji da ƙarfe takwas, kuma zan je.

Ya Allah ka yafe wa Kawu kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka karɓi amsarsa. Ka jiƙan direban nan da duk wanda hanya ta ci. Mu da muka rage, ka ba mu ikon ɗaukar abin da yake namu.